Gara da Vardy bai tafi Arsenal ba

Har gobe akwai masu cewa Jamie Vardy, tsohon ɗan wasan gaban Leicester, ya cuci kansa da ya ƙi komawa Arsenal a 2016. Yawancinsu 'yan uwanmu ne magoya bayan Arsenal, kuma na san abin da ke musu ciwo. A lokacin suna neman ɗan wasan gaba ruwa a jallo, Arsene Wenger ya yarda zai biya kuɗin da ke cikin kwantiragin mutumin, wajen fam miliyan 20, kowa ya ɗauka magana ta ƙare, sai kawai aka ji ya sa hannu a sabon kwantiragi da Leicester. Tun daga ranar ake cewa ba shi da buri, ko kuma tsoron babban kulob ne ya kama shi. Ni kam ban yarda ba. A duk shawarwarin da Vardy ya yanke a rayuwarsa ta ƙwallo, babu wadda ta kai wannan kyau.

Wanda zai ce Vardy matsoraci ne, to bai san inda ya fito ba. A Sheffield aka haife shi a 1987, kuma Sheffield Wednesday ce ƙungiyar da yake ƙauna tun yana yaro. Ita ce kuma ta sallame shi daga makarantarta yana ɗan shekara 16, wai jikinsa ya yi ƙanƙanta. Daga nan ya faɗa Stocksbridge Park Steels, wata ƙaramar ƙungiya can ƙasa a wajen rukuni na takwas na gasannin Ingila, inda ake ba shi fam 30 a mako. Wannan kuɗi ba ya riƙe mutum a Ingila, don haka da rana yana aiki a wata masana'anta da ke ƙera kayan ɗaurin ƙafa na marasa lafiya, da yamma ko ƙarshen mako ya sa takalmi ya shiga fili. A 2007 kotu ta same shi da laifin duka bayan wani faɗa a ƙofar mashaya, aka ɗaura masa na'urar bibiya a ƙafa, aka ce lallai ƙarfe 6 na yamma ta yi masa a gida. Ku duba wannan hali da kyau: ana tsakiyar wasa a wani gari, koci ya cire shi ba don ya gaji ba, ya fita da gudu ya faɗa mota da gumi a jikinsa, don kada lokaci ya cika yana kan hanya.

Sai a 2010 ya koma Halifax, shekara guda bayan nan ya tafi Fleetwood, ya ci ƙwallo 31 a gasar rukuni na biyar. A watan Mayun 2012 Leicester ta saye shi a kan fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan da ke ƙasa da manyan rukunai huɗu. Yana da shekara 25 a lokacin. A wannan shekarun Wayne Rooney ya riga ya ɗauki Firimiya fiye da sau ɗaya da kofin Zakarun Turai. Kakarsa ta farko a Leicester kuwa ba ta yi kyau ba ko kaɗan, har ya yi tunanin jefar da ƙwallon gaba ɗaya. Kocinsa Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare su suka zaunar da shi suka ce ya yi haƙuri. Wannan ne abin da masu maganar Arsenal suke tsallakewa. Kulob ɗin da ya riƙe ka a ranar da kai kanka ka fid da rai, ba ka juya masa baya don kawai wani ya zo da babban suna.

Amma ko an ajiye maganar halacci a gefe, a yi maganar ƙwallo tsagwaronta, nan ma lissafin Vardy ya fita. Ku tuna irin ƙwallayen da yake ci. Ranar 28 ga Nuwamban 2015, a wasansu da Manchester United, mai tsaron gidan Leicester Kasper Schmeichel ya cafe bugun kwana, ya mirgina wa Christian Fuchs, Fuchs ya ja ta zuwa tsakiyar fili ya zura ta bayan 'yan baya, kafin su juya Vardy ya riga ya wuce, ya ɗirka ta ƙasa-ƙasa ta wuce De Gea. Wasa na 11 ke nan a jere yana cin ƙwallo, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy mai wasa 10, kuma a gaban tsohuwar ƙungiyar Van Nistelrooy ɗin. Ko kuma ta Liverpool a Fabrairun 2016: Mahrez ya ɗago ta daga can gidansu, ta yi tsalle a gaban Vardy, bai tsaya tarewa ba, ya ɗaga kai ya ga Mignolet ya ɗan fito, ya narka ta daga wajen da'ira ta bi ta saman kansa. Daga ƙafar Mahrez zuwa raga 'yan daƙiƙoƙi ne. Vardy ɗan wasa ne da ke rayuwa a filin da ke bayan 'yan baya. A ba shi fili ya yi gudu, shi ke nan.

To ina zai samu wannan filin a Arsenal ta Wenger? Ƙungiya ce mai riƙe ƙwallo, ba ni in ba ka, har abokan hamayya su koma gida su tare ƙofa da mutum goma. Ɗan gaban da irin wannan wasa ke buƙata shi ne mai karɓar ƙwallo ya ba wa raga baya ya rarraba, irin Giroud. Da Vardy ya je, wata shida ba za a yi ba za a fara cewa ba ya iya riƙe ƙwallo, ba shi da fasaha, an yi asarar kuɗi a kan ɗan shekara 29. Waɗanda ke kukan rashinsa yau su ne za su fara zaginsa a gidajen kallo.

Mu nan ma mun ga misali da idonmu. A bazarar 2016 ɗin nan Leicester ta ɗauko Ahmed Musa daga CSKA Moscow da kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba kafin nan. Wa zai ce Musa ba shi da gudu ko bai iya ƙwallo ba? Shi ne fa ya zura wa Iceland biyu a kofin duniya na 2018. Amma bai samu gurbin da ya dace da shi ba a Leicester, ya sha zaman benci, har aka mayar da shi Moscow aro. Iya wasa daban, dacewa da tsarin ƙungiya daban. Danny Drinkwater, wanda yake jefa wa Vardy dogayen ƙwallaye a kakar da Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, ya bi babban suna zuwa Chelsea a 2017, ƙwallonsa ta mutu a can.

Na san za a kawo mini Kante da Mahrez. Gaskiya ne, sun bar Leicester kuma ta yi musu kyau: Kante ya sake ɗaukar Firimiya da Chelsea a 2017 ya ƙara da kofin Zakarun Turai a 2021, Mahrez ya tara kofuna a Manchester City. Sai dai dukansu biyu matasa ne a lokacin, kuma irin wasansu yana shiga kowane tsari. Sannan mu duba kulob ɗin da ya nemi Vardy. Daga 2016 har ranar da ya bar Leicester a 2025, Arsenal ba ta ɗauki Firimiya ba. Kofin FA ta ci sau biyu, shi ma ya ci nasa a 2021 da suka doke Chelsea da ci 1 da nema. Ya buga wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Zakarun Turai a 2017, ya zura wa Atletico Madrid ƙwallo. A kakar 2019 zuwa 2020 ya lashe takalmin zinare da ƙwallo 23 yana ɗan shekara 33, kuma kafin shi babu wanda ya taɓa cin kyautar a Firimiya da yawan shekaru haka. Mene ne ya rasa?

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zan mayar da shi waliyyi ba. A 2015 an ɗauke shi a bidiyo a gidan caca yana jifan wani ɗan asalin gabashin Asiya da kalmar wariyar launin fata. Ya nemi gafara, kulob ya ci shi tara, amma abin kunya ne, kuma ya kamata a riƙa faɗarsa duk lokacin da ake ba da tarihinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shekarun wuya. A Oktoban 2018 mai kulob ɗin, Vichai Srivaddhanaprabha, ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a daidai harabar filin wasansu, Vardy yana cikin manyan da suka riƙe ɗakin 'yan wasa a lokacin. A 2023 Leicester ta faɗi daga Firimiya, Maddison ya tafi Tottenham, Tielemans ya tafi Aston Villa, Barnes ya tafi Newcastle. Vardy, da shekara 36, ya bi su rukuni na biyu tare da Ndidi da Iheanacho, ya ci ƙwallo 18 a gasar, suka dawo a matsayin zakaru. Da suka sake faɗuwa a 2025 bai ɓoye ba, ya fito ya ce kakar abin kunya ce, har da nasa wasan a ciki. A wasansa na ƙarshe, da Ipswich a watan Mayu, ya cika wasa 500 kuma ya ci ƙwallonsa ta 200 a rigar Leicester.

Inda nake ganin an cuce shi da gaske shi ne tawagar Ingila. Wasa 26 kawai, ƙwallo 7, yawanci yana jiran Harry Kane daga benci, har ya janye jikinsa bayan kofin duniya na 2018. Mutumin da ya fara buga Firimiya yana ɗan shekara 27 amma ya tara ƙwallo 145 a cikinta ya cancanci fiye da haka. Bayan ya bar Leicester ya koma Cremonese ta Italiya yana da shekara 38, ƙungiyar da ta hau babbar gasar Italiya, Serie A, a 2025. Wanda ake cewa yana tsoron sabon wuri ke nan. Magoya bayan Arsenal, ina jiran hujjarku a ƙasa, amma ku zo da sunan kofin da zai ci a wurinku wanda bai ci a Leicester ba.