Na hau Gausta kafin in hau Shere

Shekara 26 na yi a Jos, kullum in na fito ƙofar gida da safe duwatsun Shere na tsaye ta gabas, ban taɓa taka su ba ko sau ɗaya. Sai da na zo Norwe, ƙasar mutane, sannan na hau dutse, da jaka a bayana, ina biye da wani Bature da ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Dutsen Gausta mita 1,883 ne. Ƙololuwar Shere mita 1,829. Tsakaninsu mita 54 kacal. Tun ranar da na haɗa wannan lissafi abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga yadda aka yi. Akwai wata gasa a nan da ake kira Norseman, sau ɗaya a shekara, a farkon Agusta. Abu uku ne a jere ba hutu: iyo, tseren keke, gudun fanfalaki. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka ƙuri'a ake yi, sai ta faɗa kan wani abokin aikina. Dokar gasar ta ce kowa ya zo da 'yan rakiyarsa, su bi shi da mota, su ciyar da shi, su shayar da shi. Matarsa za ta tuƙa, ana neman wanda zai hau dutsen Gausta da shi, don a can gasar ke ƙarewa. Ya tambaye ni a wurin shan kofi, na ce to, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Da ƙarfe biyar na asuba jirgin fito yake tsayawa a tsakiyar ruwan Hardanger, wani hannun teku da ya kutsa tsakanin duwatsu. A buɗe bakin da motoci ke shiga, sai mutane su riƙa dirowa cikin ruwa kamar kwaɗi, kowa cikin rigar roba da ta matse shi tun daga wuya har idon sawu. Sanyin ruwan kuwa, ɗan Jos ya tuna randar da ta kwana a tsakar gida cikin hunturu, ya ce a cikinta zai yi iyon kilomita 3.8 har garin Eidfjord. Daga fitowa sai keke, kilomita 180, kamar ka tashi daga Jos ka je Bauchi, ka juyo ka ƙara wajen hamsin. Farkon hanyar hawa ce zalla, daga bakin teku zuwa sama da mita 1,200, wato mutum ya kai tsayin garin Jos da ƙarfin cinyarsa tun hantsi bai yi ba. Daga nan a ratsa tudun Hardangervidda, fili fetal ba bishiya, iska na dukan ƙirji. In an ajiye keke sai gudu, kilomita 42.2. Na farko 25 shimfiɗaɗɗu ne a gefen tafki, sannan a shiga wani hawa da 'yan gasar suka yi wa laƙabi da tudun fatalwa. Na ga dalili. Kamar Hawan Kibo ne na hanyar Akwanga zuwa Jos, amma a ƙafa, bayan an yini ana wahala. Jimilla kilomita 226. Mutum 160 na farko da suka iso shinge su ake bari su hau ƙololuwa su karɓi baƙar riga, sauran su ƙarasa ta ƙasa a ba su fara.

Da dare na tura hotuna dandalin WhatsApp na gidanmu. Kafin gari ya waye Yaya ya aiko da saƙon murya daga Gangare.

"Bature, yanzu shi wannan bawan Allah nawa za a ba shi?"

Na ce riga.

"Riga? Ta zinariya ce?"

Na ce ta auduga ma ba lalle ba, kuma shi ya biya kuɗin shiga.

"To ƙoshi ne. Wanda ya ƙoshi shi ke sayen wahala da kuɗinsa. Ka ce masa ya zo nan mu ba shi kurar garuwa ya tura, mu za mu biya shi ma."

Inna ba ta ja maganar ba. "Allah Ya shirya. Kai dai, don Allah, kada ka shiga ruwan nan."

Rabin maganar Yaya gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Kuɗin keken abokina ya isa ya sayi mota a Jos. Wata goma ya yi yana atisaye, awa goma sha a mako, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ga wanda albashinsa ke zuwa kan lokaci, asibiti ba ya tsorata shi, yaransa na makarantar da ba a koro su don kuɗi. Shi kuwa mai garuwa da ke tura jarka 12 ta lita 25, kilo 300 ke nan na ruwa, ya hau da su tudun unguwa sau nawa a yini, ba mai yi masa tafi. Matan da ke saukowa daga ƙauyukan bayan gari da itace a kafaɗa tun duhun asuba, da samarin da ke shiga ramin kuza, duk ba wanda ya taɓa auna bugun zuciyarsu da agogo. In juriya ce, ba mu da abin koyo a Norwe. 'Yan gudun Filato ma sun nuna haka: tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, in an zo lissafin 'yan gida sai ka ji sunaye irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang. Iskar tudu ta riga ta gina musu huhu.

Inda na rabu da Yaya shi ne cewa wahalar ganin dama haukan Turawa ce. Mu da muke da dambe, inda saurayi ke ɗaure hannu ya je a kumbura masa fuska don kirari? Maƙwabtanmu Fulani da sharo fa? Kakannin wasunmu a ƙafa suka tafi Makka, ta Chadi da Sudan, shekara da shekaru, wasu ba su dawo ba. Mun san daɗin abin da aka sha wuya kafin a samu, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Saboda haka ni tambayata ba ita ce me ya sa suke yi ba. Me ya sa mu, da dutse a bayan gida da ƙarfi a jiki, ba ma iyawa?

Amsar ban same ta a jikin 'yan tseren ba, a bakin hanya na same ta. Yini guda muna tafe a mota, muna tsayawa muna miƙa masa ayaba da ruwa, ta cikin ƙauyukan da ba wanda ya san mu. Ba shinge, ba wanda ya leƙo ya ce ku su wane ne, daga ina, ina za ku. Ni baƙin mutum da gemu, na shimfiɗa darduma a gefen titi na yi azahar, wata tsohuwa ta matsar da karenta don kada ya gitta ta gabana. Ba na cewa ƙasar ba ta da masu ƙyamar baƙi, tana da su, na gamu da su a wasu wuraren. Amma hanya ta kowa ce, daji ma haka. Tun 1957 suka sa a doka cewa kowa na da ikon ratsa daji da dutse, ya kafa tanti ya kwana, ko da filin na wani ne, muddin bai matsa wa gidan mutane ko gonarsu ba. Ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar, wadda aka kafa a 1868, tana da ɗakunan kwana sama da 500 a cikin daji. A wasunsu akwai rumbun abinci ba mai gadi, ka ci, ka rubuta abin da ka ci, ka biya. Da na fara ganin wannan dariya na yi, daga baya dariyar ta koma ciki.

Su kuma masu tsayawa a mahaɗa suna nuna hanya, da masu kwale-kwale da ke gadin 'yan iyo, da masu duba jaka, akasarinsu ba biyansu ake yi ba. Suna da kalma, dugnad, in ka fassara ta ba ta wuce gayya ba. Gayyar da muka sani, ta noma da ta ɗaukar jinka. Gasar ma da mutum 21 ta fara a 2003, ba gwamna, ba kwamiti. Mu kuwa in an ce tsere sai a jira gwamnati. An fara tseren hawan dutsen Obudu a 2005 da kyauta mai tsoka ta daloli, 'yan Habasha da Kenya suka riƙa zuwa suna kwashewa. Abu ne mai kyau, amma a ganina duk wasan da aka rataya a wuyan mai mulki, ranar da ya sauka wasan ya fara tari.

Yanzu mu zauna mu zana irin wannan hanya a Jos, mu ga inda alƙalami zai tsaya. A iyo ma za a fara cijewa. Ruwan da muke da shi madatsun Lamingo da Liberty ne, sai ramukan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, masu zurfi, masu laka a ƙasa. Kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba, shi ya sa uwa a Jos ba ta koya wa ɗa iyo, tsoron ruwa take koya masa, kuma ba zan ga laifinta ba. A Norwe manhajar firamare ce ta ce yaro ya iya iyo kafin ya wuce aji huɗu. To bar ruwa. A ce keke da gudu kawai, a tashi daga Terminus. Ta ina za a bi? Duk wanda ya zauna a Jos bayan rikice-rikicen Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, yana da taswira ta biyu a kansa wadda ba a buga ta a takarda ba: nan namu, can nasu, nan a wuce da rana, can kada magariba ta same ka. Ɗan Unguwar Rogo ya san inda ba zai tsaya ɗaure igiyar takalmi ba, ɗan Tudun Wada ma ya san nasa. Mutumin da ya gaji liƙis, ba ya ko iya ɗaga hannu, shi kaɗai a kan titi a garin da bai san kowa ba, wannan shi ne ɗan tseren Norseman, kuma shi ne ainihin mutumin da Jos ta koya mana kada mu yarda mu zama.

Abin da ya hana ni hawa Shere ke nan, ba lalaci ba. Muna yara ana cewa wurin 'yan Man O' War ne, tun da cibiyar horonsu na can. Da muka girma sai aka daina ba da dalili, an dai san ba a zuwa. Na ji yanzu matasa na haɗa ƙungiyoyi suna hawa a ƙarshen mako, Musulmi da Kirista, suna saka hotuna a Instagram. Wallahi sun fi mu.

Akwai wata doka ta gasar da ta fi komai tsaya mini a rai. A Stavsro, inda kwalta ta ƙare duwatsu suka fara, akwai ƙofa. Ko kai ne gwarzon duniya ba ka wucewa sai an buɗe jakarka an ga rigar sanyi, da abinci, da ruwa, da tocila, kuma sai an ga wanda zai hau tare da kai. Abokina ya iso wurin leɓɓansa sun yi fari, yana magana ba ta fita daidai. Wajen kilomita biyar ɗin ƙarshe ba gudu ba ne, rarrafe ne a kan tarin duwatsu, hazo ya rufe ko'ina. Sau biyu ya zauna ya ce ya haƙura. Ban san abin da ake faɗa wa Bature a irin wannan hali ba, sai na ji bakina yana cewa "Tashi, maza, saura kaɗan," da Hausa. Ya tashi. Mutumin nan ba addininmu ɗaya ba, bai taɓa zuwa gidana ba, a ofis ma gaisuwa ce da kofi. Amma ya sa ransa a hannuna na awa biyu, matarsa na ƙasa tana jira, hankalinta kwance.

In da za a tambaye ni, ba zan ce a kawo Norseman Jos ba. Ba ma buƙatar rigar roba, ba ma buƙatar keken miliyoyi. Gudu daga cikin gari zuwa kan Shere ya isa, mutum ashirin ko talatin, da kuɗin aljihunsu, masu unguwanni su fito da samari su tsaya a mahaɗa da ruwa. Doka ɗaya kawai zan aro, ta ƙofar nan, in ƙara mata gishiri: ba mai hawa shi kaɗai, kuma ɗan rakiyarka kada ya zama ɗan unguwarku. Na san za a ce ina zaune a ƙasar sanyi ina tsara wa masu zafi rayuwa. An faɗa mini ma, Kawu ne ya faɗa, kuma ban ba shi amsa ba, don wanda zai kwana a garin bayan an tashi daga wasan ya fi ni ikon magana.

Abin da ke hannuna shi na yi. Na kira ƙanena na ce in na zo hutun Disamba zai raka ni Shere. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani abokinsa Bajare da suka yi sakandare tare, gidansu na wajen Lamingo, ya san hanyoyin dutsen kamar tafin hannunsa, amma rabon da su yi magana an kwana biyu. Na ce ya neme shi. Jiya ya turo mini saƙo cewa ya samu lambar, sun gaisa, mutumin ya ce mu zo da takalmi mai kama ƙasa, mu fito kafin rana ta yi. Inna ta ji, ta ce a tambaye shi ko akwai ruwa a hanyar. Yaya kuma ya ce in dai ba riga ake rabawa a sama ba shi ba ya zuwa, sai dai a ajiye masa wuri a mota.