Sunan yanka ba ya hana zagi a wasan intanet, hanyar gida yake nunawa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da samari suna buga PUBG ko Free Fire a waya ya san irin ashar ɗin da ke fitowa daga lasifikar nan. Yaro ɗan shekara 14 zai dunƙula wa uwar mutumin da bai taɓa gani ba, don kawai an harbe shi kafin ya tsinci bindiga. Iyaye da malaman da ke cewa a yi maganin wannan abu ba su yi laifi ba. Sai dai maganin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a hana laƙabi, kowa ya shigo wasa da sunansa na yanka da na mahaifinsa, wai idan mutum ya san an san shi zai ji kunya. Ni dai ban yarda ba, kuma ba don ina goyon bayan masu zagi ba. An gwada wannan magani a ƙasashen da suka riga mu shiga harkar, kuma waɗanda ya kwantar ba su ne masu cutar ba.

Tun farko, wa ya ce suna na sa kunya? A leƙa Facebook lokacin zaɓe, ko ranar da malamai biyu suka saɓa a kan wata mas'ala. Mutum da sunansa, da hotonsa sanye da babbar riga, da sunan ma'aikatarsa a rubuce, zai zazzaga wa sa'an mahaifinsa rashin mutunci, har ya yi alfahari da hakan. Mai zagi yawanci gani yake shi ne a kan gaskiya, don haka ba ya ɓuya. Wanda ke buƙatar ɓuya shi ne wanda ake bi.

Kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasannin World of Warcraft da StarCraft, ya koyi wannan darasi cikin kwana 3. A ranar 6 ga Yulin 2010 ya sanar cewa nan gaba duk ɗan wasan da zai yi rubutu a dandalin tattaunawa na kamfanin, cikakken sunansa ne zai fito, ba laƙabinsa ba. Hujjarsa ita ce dai wadda muke ji yau, a rage tsokana da cin mutunci. Wani ma'aikacin kamfanin, don ya nuna babu abin tsoro, ya faɗi sunansa na gaskiya. Ba a jima ba mutane suka fara baza adireshi da lambar waya da sunayen dangi da suka ce nasa ne, abubuwan da suka haɗo daga nan da can a intanet. Dubban 'yan wasa suka yi ca, kuma a ranar 9 ga watan shugaban kamfanin, Mike Morhaime, ya fito ya janye shirin. A lura, ba wanda ya yi kutse a kwamfutar kowa. Suna kawai aka bayar, sauran kuwa bincike ne da yaron sakandare zai iya yi.

Wani zai ce to in an san gidan mutum sai me? Amsar tana birnin Wichita na jihar Kansas a Amurka. A ranar 28 ga Disambar 2017, samari biyu suka yi cacar baki a wasan Call of Duty, a kan cacar da kuɗinta bai wuce dala 1 da santi 50 ba. Ɗayan ya yi barazanar turo wa ɗayan 'yan sanda gida. Wanda aka yi wa barazanar ya ce bismilla, ya ba da adireshin wani gida da ya taɓa zama a ciki amma ya riga ya tashi. Sai na farkon ya nemi wani mutum a Los Angeles da ya saba da wannan ɗanyen aiki. Mutumin ya buga waya Wichita, ya ce shi mazaunin gidan ne, ya harbe mahaifinsa, kuma yana tsare da sauran iyalin da bindiga. 'Yan sanda suka zagaye gidan da dare. Wani magidanci ɗan shekara 28, wanda ba ya cikin wasan, bai san samarin ba, ya ji motsi ya buɗe ƙofa ya fito ya ga abin da ke faruwa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ɗan sanda ya harbe shi, ya rasu. A 2019 kotu ta yanke wa mai bugun wayar shekara 20 a kurkuku, amma 'ya'yan mamacin sun riga sun zama marayu.

Abin da nake so a duba a labarin nan shi ne, a daren nan abu ɗaya ne ya tsaya tsakanin mai fushi da wanda yake fushi da shi: bai san ko wane ne ba, bai san inda yake kwana ba. Sai da aka miƙa masa adireshi kafin ya iya yin ɓarna. Dokar sunan yanka wannan shingen take rushewa, kuma ba ga mutum ɗaya ba, ga kowa, a kowane wasa, kowane dare. Fushin wasa na minti 10 ne, amma wanda ya riƙe sunanka yana iya dawowa bayan wata 6.

Mata sun fi kowa sanin haka. A 2014, lokacin rikicin da aka kira Gamergate, mata masu ƙirƙirar wasanni da masu sharhi a kansu sun bar gidajensu a Amurka bayan an wallafa adireshinsu tare da barazanar kisa da fyaɗe. Waɗannan sanannu ne, sunansu dama a fili yake. Yarinyar da ke wasa a ɗakin mahaifiyarta kuwa, kariyarta ita ce laƙabin da ba ya nuna mace ce, da makirufon da ta kashe. Da zarar sunanta ya bayyana a saman allo, saƙonni za su fara shigowa, daga masu neman lamba zuwa masu wa'azin dole, zuwa waɗanda za su ɗauki hoton allon su kai wa yayanta ko wanda zai aure ta. A irin garuruwanmu ba sai an yi mata barazana ba, tsegumi kaɗai ya isa ya jawo mata abin da za ta daɗe tana fama da shi.

Akwai kuma wani abu game da sunayenmu da ya kamata mu tsaya a kansa. Bahaushe ba suna kawai yake ɗauke da shi ba. Sunansa, sunan mahaifinsa, sau da yawa har da sunan gari ko unguwa a ƙarshe, wani lokaci da sarautar gidan ko sana'arsa. Mai jin Hausa zai karanta suna guda ya gane ƙaramar hukuma, ya gane gida, ya ƙiyasta ko akwai abin hannu. A yankin da masu garkuwa da mutane ke biyan 'yan leƙen asiri don su san ɗan wane ne wane, a ce yaro ya riƙa yawo da wannan bayani a gaban baƙin da ba a san adadinsu ba, suna ganin lokacin da yake shigowa da irin kayan da yake saye a cikin wasa, wannan ba tarbiyya ba ce, sakaci ne. Mu da uwa ba ta ambatar sunan ɗanta na fari saboda alkunya, mu da muka tashi abokai na kiranmu da laƙabi har wasu su manta na yanka, bai kamata a koya mana cewa ɓoye suna alamar rashin gaskiya ce ba.

Masu wannan ra'ayi da suka fi zurfin tunani sukan ce an ji, kada a nuna wa jama'a sunan, kamfani kaɗai ya riƙe shi tare da lambar katin ɗan ƙasa, don in mutum ya yi laifi a kamo shi. Wannan ya fi na farko hankali, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar ita ce ina za a ajiye bayanan, kuma wa ke gadinsu.

Koriya ta Kudu ta yi wannan gwaji a kan al'umma guda. Kowane ɗan ƙasar yana da lambar rajista mai alƙaluma 13, wadda ke ɗauke da ranar haihuwarsa da jinsinsa, kuma shekaru da yawa da ita ake buɗe asusu a wasanni. Tun a 2006 aka gano an yi amfani da lambobin mutane fiye da dubu 200 ba da saninsu ba wajen buɗe asusu a wasan Lineage. Mutanen da ba su taɓa riƙe wasan ba suka tarar suna da asusu a ciki. Maimakon wannan ya zama gargaɗi, a 2007 ƙasar ta kafa dokar tabbatar da suna ga manyan shafuka, daga baya ta faɗaɗa ta zuwa duk shafin da ke samun baƙi dubu 100 a rana. Kamfanoni suka tara bayanan kusan kowa. A Yulin 2011 aka kutsa cikin manyan shafukan ƙasar, Nate da Cyworld, aka kwashe bayanan mutum miliyan 35, a ƙasar da yawan jama'arta kusan miliyan 50 ne. A Nuwambar shekarar aka kutsa kamfanin Nexon, bayanan masu buga MapleStory kimanin miliyan 13 suka fita, wasan da yara da yawa ke yi. Mabuɗin sirri in an sace sai a sauya shi cikin minti ɗaya. Suna da ranar haihuwa fa?

A ranar 23 ga Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, alƙalan duka bakinsu ɗaya. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a nuna wata raguwa ta a zo a gani a munanan rubuce-rubuce ba, jama'a sun koma shafukan ƙetare da dokar ba ta kai gare su, sannan an tauye bakin masu son faɗin gaskiya. Shekara 5 ana gudun gara, aka tarar da zago.

Batun yara shi ne ya fi taɓa zuciya, kuma a nan ne nake fahimtar iyaye sosai. Koriyar dai ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga 12 na dare zuwa 6 na safe, abin da ba zai yiwu ba sai an san shekarun kowa. Yara suka koma amfani da lambobin iyayensu, kuma a 2021 gwamnati ta yanke shawarar soke dokar. China ta fi matsawa: daga 2019 rajista da suna na gaskiya dole ce, a Agustan 2021 kuma aka taƙaita wasan 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Da yara suka riƙa shiga da asusun manya, sai kamfanin Tencent ya kawo duba fuska ta kyamara da dare. Haka abin yake tafiya. Suna bai isa ba sai a ce a kawo kati, kati bai isa ba sai a ce a kawo fuska, kuma kowane mataki sabon rumbu ne na bayanan da ɓarawo ke nema. A Oktoban 2025 Discord, manhajar da 'yan wasa ke hira a kanta, ta sanar cewa hotunan katin shaida na kimanin mutum dubu 70 na iya kasancewa sun fita ta hannun wani kamfani da ke yi mata aiki, kuma hotunan an karɓe su ne don tantance shekaru.

Mu a Najeriya ba sai an ba mu labari ba. Tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layukan waya da lambar NIN, kuma a 2024 rahotannin 'yan jarida da na ƙungiyar Paradigm Initiative sun nuna wasu shafuka na sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan kuɗi kaɗan. In haka ta faru da bayanan da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, da wace hujja zan miƙa NIN ɗin ɗana ga kamfanin wasa da ke wata nahiya, wanda in ya yi sakaci ba ni da kotun da zan kai shi?

Abin da ke sa ɗan wasa ya kama kansa shi ne ya san yana da abin asara. Laƙabin da ya shekara 3 yana ginawa, da matsayinsa, da abokan tawagarsa, da kayan da ya saya, duk suna da daraja a wurinsa, kuma in ya tabbata zagi zai sa a rufe asusun, zai kama bakinsa. Blizzard ɗin nan daga baya laƙabi mai ɗorewa ya kawo, wanda ya kira BattleTag, sannan a 2018 ya sa wa wasan Overwatch tsarin da 'yan wasa ke yaba wa masu kyakkyawar mu'amala, kuma kamfanin ya ce munanan ɗabi'u sun ragu sosai. Sai dai irin wannan aiki kuɗi yake ci. Sai an ɗauki ma'aikata masu duba ƙorafi, masu jin harsunan 'yan wasa. Wa ke sauraron ƙarar da yaro ya shigar a kan ashar ɗin da aka yi masa da Hausa? Kamfanonin da ke karɓar kuɗinmu ta hanyar sayen lu'ulu'u da kayan ado na cikin wasa su ya kamata a tsare da wannan tambaya, domin dokar suna hanya ce ta sauke wannan nauyi daga kansu a ɗora wa ɗan wasa.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi cewa kada a karɓi bayanin mutum fiye da abin da aikin ke buƙata, ta kuma nemi izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Buga ƙwallo a eFootball ba ya buƙatar sunan mahaifin kowa. Hukumar kare bayanai tana da hurumin faɗa wa kamfanonin wasa haka tun kafin wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin haɗa asusun wasa da NIN. Iyaye kuma akwai aikin da ba sai sun jira kowa ba: su karɓi wayar yau da dare, su duba da wane suna yaron yake shiga, ko asusun a haɗe yake da Facebook ɗinsa mai hotonsa cikin kayan makaranta, su raba su.