Bitamin D mai 50,000 a kullum? Haba Gwaggo!

Ranar Juma'a na shiga birni gaida Gwaggo, na tarar tana kukan ƙishirwa da yawan fitsari, ga tashin zuciya, ga bayan gida ya yi tauri. Zuciyata ta tafi kan ciwon sukari. Sai idona ya kai kan wata 'yar kwalba a bakin madubi, bitamin D ne, an rubuta 50,000 IU a jiki (IU shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin bitamin da shi).

Na ce, "Gwaggo, wa ya rubuta miki wannan?"

Ta ce wata ce a gidan suna ta ce shi ya warkar mata da gwiwa, shi ne ta aiki yaro kyamis. Kullum ɗaya bayan sallar asuba, kusan wata uku ke nan. "Ai bitamin ne, ɗan nan, ba magani ba ne."

Maganar nan tata ce ta hana ni barci, don na san ba ita kaɗai ke faɗinta ba a Zariya. Bitamin D ba irin wanda rararsa ke bin fitsari ta fita ba ne, a kitsen jiki yake taruwa. Aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci, to in ya wuce kima sai kalsiyam ya yi yawa a jini, ya kawo irin abin da na gani a jikin Gwaggo, har ya kai ga tsakuwar ƙoda ko ya taɓa ƙodar kanta. Babban mutum IU 600 yake buƙata a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma 800, sannan 4,000 ne iyakar da aka ce kada a wuce sai da sanin likita. Shi mai 50,000 ɗin yawanci sau ɗaya a mako ake ba da shi, na kamar mako 6 zuwa 8, ga wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin. Gwaggo kuwa ta mai da na mako abin karin kumallo.

Kar wani ya ce ina kushe bitamin D. Ni ina cikin masu cewa muna da ƙarancinsa duk da ranar da ke gasa mu. Fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta kai tsaye, kuma baƙar fata ta fi ɗaukar lokaci. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aikin, ranar sassafen da ake ta yabo ita ma rarrauna ce, sai hantsi ya ɗaga sosai. To ku duba gidajenmu na yanzu, an rufe tsakar gida da kwano saboda zafi, uwargida daga ɗaki sai kicin. Tsohon da ƙafa ta kwantar, ma'aikacin da ke wuni a ofis, jaririn da nono kaɗai yake sha, waɗannan su ne ya kamata a yi maganarsu. Shi jaririn ma likitocin yara kan ba shi ɗigon IU 400 a rana, don nonon uwa bai da shi da yawa. Amma wa ke tallar ɗigon jarirai? Babu riba.

Sai maganar yara masu gwame da lanƙwasar ƙafa, wadda ta fi ci mini rai. Da an gani sai a ce a sayo bitamin D. Alhali binciken da aka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna yaranmu masu wannan laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, fiye da bitamin D zalla. Wato yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara ba nono ba kindirmo, abin ginin ƙashin ne babu a cikinsa. Ka kawo magini ba ka kawo bulo ba. Miyar kuka, zogale, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, da nonon da ake yawo da shi a ƙwarya daga Samaru har Tudun Wada, duk suna da kalsiyam. Bitamin D na abinci kuma akwai a kifin taitus da sadin da gwaiduwar ƙwai.

Ranar Litinin muka kai Gwaggo asibiti aka ɗibi jini. Likita ya ce ta daina sha nan take, ta yawaita ruwa, mu dawo a sake awo. Gwiwar kuma da aka ɗauki hoto, ashe amosanin gaɓɓai ne irin na shekaru. Kwalbar tana aljihuna, don na ji tana cewa za ta ba maƙwabciyarta ragowar kar a yi asara.