Jitarku lafiya lau take, jerin kod ɗin da kuka kwafo ne ba cikakke ba

'Yan uwa masu buga jita, musamman ku matasa da waƙoƙin Japan suka shiga ranku ta hanyar anime ko YouTube, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana damuna. Mutum ya ji waƙa ta burge shi, ya shiga intanet ya kwafo jerin kod, wato haɗin sautuka da ake kaɗawa tare, da wani ya rubuta, ya buga bai ji daɗin da ya ji a asalin waƙar ba, sai ya yanke hukunci cewa kiɗan Japanawa ya fi ƙarfinsa. Wallahi bai fi ƙarfinka ba. Da yawa daga masu rubuta irin waɗannan jeri sauƙaƙa komai suke yi, su cire sauti na bakwai, wato ƙarin sautin da lambar 7 ke nunawa a sunan kod, Fmaj7 ya koma F, har E7 ma ya koma Em. Miyar kuka ce ba daddawa, za ka sha, amma ba ita ka nema ba.

Wannan ɗanɗanon daga jaz ya samo asali, kuma ba jiya ya shiga Japan ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Amurka ta mamaye ƙasar har zuwa 1952, makaɗan Japan da yawa sun ci abinci ne da buga jaz a wuraren shaƙatawar sojojin Amurka. Sadao Watanabe, mai busa saksofon, ya tafi makarantar Berklee da ke Boston a 1962, ya dawo gida a 1965 ya koyar da abin da ya koyo. Ga kuma shagunan shan kofi da ake kira jazz kissa, inda mutane ke zama shiru suna sauraron faifai. Wanda ya tashi a irin wannan yanayi, in ya zo rubuta waƙar soyayya ta rediyo, kunnensa ba zai yarda da kod uku tsirara ba. Shi ya sa kiɗan city pop, wato salon pop na Japan na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, ya fito yadda ya fito.

Abin da nake so ku gane shi ne, jerin ba su da yawa kamar yadda kuke tsoro. Ɗauki C a matsayin gida, wato sautin da aka gina waƙar a kansa. Jeri na farko da za ka ji a waƙoƙi barkatai shi ne Fmaj7, G7, Em7, Am, wato huɗu, biyar, uku, shida in ka ƙirga C a matsayin ɗaya. Japanawa suna ce masa odo shinko. Lura, bai fara daga gida ba, bai kuma ƙare a gida ba, shi ne dalilin da zuciya ke jin kamar ana jiran wani da bai iso ba.

Na biyun ne ya fi kama ni: Fmaj7, E7, Am7, sai Gm7 da C7 su mayar da kai farko. Ana kiransa marusa, daga waƙar Shiina Ringo ta 1999, Marunouchi Sadistic, kodayake tun a 1980 an ji shi a Just the Two of Us ta Grover Washington Jr. da Bill Withers. Duk sirrin yana cikin E7. A ƙa'ida Em ya kamata ya zauna a wurin, amma an ɗaga G zuwa G#, sauti ɗaya tak, kuma wannan ɗagawar ce ke jan kunne da ƙarfi zuwa Am. Wanda ya rubuta maka Em a nan ya kashe waƙar. Haka Gm7 da C7, ba 'yan gidan C ba ne, aro aka yi domin a share wa F hanya, irin yadda makaɗan jaz suka saba.

Kada ka wahalar da yatsunka da tsirkiya shida. Uku sun isa. Don Fmaj7, danna firet (gaɓar da ke wuyan jita) na 1 a tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, na 2 a ta huɗu, na 2 a ta uku. Don E7, bar ta shida da ta huɗu a sake, danna firet na 1 a ta uku. Am7 kuwa firet na 5 ne a duka ukun, Gm7 firet na 3 a duka ukun. C7: firet na 3 a ta biyar, na 2 a ta huɗu, na 3 a ta uku. Ka duba da kyau, daga Gm7 zuwa C7 yatsan da ke kan ta uku bai motsa ba, na ta huɗu ya sauka firet ɗaya kawai. Wannan ƙaramin motsi shi ne laushin da kake ji a faifai, ba wata jita mai tsada ba.

Idan za ka tono waƙa da kanka, bas, wato sautin ƙasa, za ka fara bi. Rage gudunta a YouTube zuwa 0.75, saka abin sauraro a kunne, nemo sautin ƙasa a tsirkiya ta shida ko ta biyar, ka rubuta shi da lamba ba da harafi ba, domin in aka canza gida a amshi, abin da suke yawan yi, ba za ka ɓace ba. Sannan ka tambayi kowane kod: mai fara'a ne ko mai sanyi, kuma wane irin bakwai ne a kansa? Wani lokaci za ka ji bas yana kan G amma saman F ne ke kaɗawa. Kunnenka bai yi kuskure ba, F/G ne, kuma masu city pop suna ƙaunarsa a daidai wurin da wani zai saka G7.