Bakano a Jirgin Kwal

Bazazzagi mai karatu a York ya kwashi baƙinsa biyu, Bakano da Bafulatani, ya kai su tashar Pickering a arewacin Ingila, wai su sha iska. Ga jirgi nan tsaye, baƙi wuluk, yana huci.

Bakano: Malam, tun daga Kano na keto gajimare, ka rasa inda za ka kawo ni sai wurin wannan tukunya mai tari?

Bazazzagi: Alhaji, tarihi ne. George Stephenson ne ya shata layin nan, aka buɗe shi a 1836. Da fari ma dawakai ke jan taragon.

Bafulatani: Aradu da sun bar dawakin. Doki ba ya hayaƙi.

Bakano: Irinsa fa ya iso Kano tun 1911. Kakana ya loda masa gyaɗa har ya gaji. Nawa ka ce tikitin?

(Bazazzagi ya raɗa masa. Bakano ya buga da naira a waya, ya yi salati, ya sake bugawa.)

Bakano: To da wannan kuɗin ai sai ya tashi sama.

Bazazzagi: Ba ya wuce mil 25 a awa, doka ce. Mil 18 ne zuwa Grosmont, awa guda da ɗoriya.

Bakano: Mai A Daidaita Sahu ya yi min haka, sai ya maido min canji.

(Jirgi ya yi kuwwa, ya ja. Bakano ya leƙa taga, burbushin kwal ya faɗa masa ido, farar shaddarsa ta koma kamar zabuwa.)

Bakano: Wayyo idona! Wannan ma yana cikin kuɗin?

Bazazzagi: Shi mutane ke zuwa nema. An rufe layin a 1965 saboda ba riba, masu ƙaunarsa suka yi karo-karo, suka sake buɗe shi a 1973. Ka ga dattijon can mai watsa kwal da shebur? Yawancinsu 'yan sa-kai ne, ko sisi ba sa karɓa.

Bakano: Tsaya. An ce musu ba riba, suka ce a ba su?

Bazazzagi: Ƙwarai.

Bakano: Kuma ma'aikata kyauta?

Bazazzagi: Kyauta.

Bakano: Karɓo min lambar dattijon nan. Ina da shago a Kantin Kwari.

(A Goathland, Bazazzagi ya ce a sauka.)

Bazazzagi: Daga nan da ƙafa za mu ƙarasa Grosmont, ta tsohon layin dawakai. Mil uku da rabi kacal.

Bakano: Jirgin da na biya, ba Grosmont za shi ba?

Bazazzagi: Can za shi.

Bakano: Kujerata kuma?

Bazazzagi: Za ta riga ka isa.

Bakano: Dama an ce kada ka bi Bazazzagi ko da ya san hanya.

Bazazzagi: Wa ya ce?

Bakano: Ni, yanzun nan.

(Tumaki na kiwo a tsakiyar ƙauye, kowace da shafen fenti a gadon baya. Bafulatani ya yi turus.)

Bafulatani: Ina mai su?

Bazazzagi: Yana gida. Su kaɗai suke yawonsu.

Bafulatani: Ba yaro, ba sanda, ba mai gona da zai biyo ka da ƙara? Ku tafi, ni na iso.

(Da ƙyar aka janye shi. Yayyafi ya sauko. Takalmin Bakano sau-ciki ya maƙale a taɓo. Sai ga wasu Turawa tsofaffi, kowa da jaka a baya da sanda bibbiyu.)

Bafulatani: Sanda biyu, ba nagge ko ɗaya! Sannunku, bayin Allah. Allah ya mayar da alheri.

Bazazzagi: Jauro, ba sace musu aka yi ba. Hutu suke yi.

Bafulatani: Tafiyar ce hutun? Ashe shekara arba'in ina hutu, ba wanda ya faɗa min.

Bakano: Malam, waɗannan har kuɗin masauki suke biya don su zo su taka?

Bazazzagi: Har da na mai nuna hanya, wani lokacin.

Bakano: Jauro, matso. Da rani ina kake kai shanunka?

Bafulatani: Daga Jigawa har bakin Binuwai.

Bakano: Mil nawa?

Bafulatani: Wa ya ƙirga?

Bakano: Ni zan ƙirga. Kai da tafiya, ni da tikiti. Malam, yaya ake cewa "la'ada" da Turanci?