Ga ƙannena masu yi wa mai son karatun teku dariya

Assalamu alaikum ƙannena 'yan makarantar Maraɗi.

Makon jiya wata ɗiyar maƙwabtanmu, 'yar ajin ƙarshe a lise, ta zo wurina ranta a ɓace. An tambaye su a aji abin da kowa ke son karantawa bayan bak, wato jarrabawar gama lise, ita ta ce ilimin teku. Sai aji ya kwashe da dariya, har wani ya ce mata, "Ke da ko kogin Kwara ba ki taɓa gani ba, ina ke ina teku?" Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne Nijar ba ta da bakin teku. Amma ku masu dariyar, daga ina ruwan da ke raya geron iyayenmu yake tasowa? Allah ne ke saukar da shi, kuma Ya sanya masa sababi. Rana tana gasa Tekun Atlantika ta wajen Mashigin Gini, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma har ya iso kanmu tsakanin Yuni da Satumba. In zafin ruwan tekun ya sauya, iskar nan ma takan sauya, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Ku tambayi kakanninku farin 1973 da na 1984, ku ji yadda dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. Masana sun gano cewa sauyin zafin ruwan tekuna na cikin manyan dalilan wannan fari. Shi ya sa cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ba ta fitar da hasashen damina sai an duba zafin saman teku. Wanda ya iya karanta waɗannan alƙaluma, manomin Dakoro da na Mayahi yake yi wa aiki, ko da bai taɓa riƙe hauya ba.

Mu ma muna aika wa teku namu saƙon, kuma ba mai daɗi ba ne. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga ƙasar Katsina, ya wuce ta yankin Madarumfa da Maraɗi da Tibiri, ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima, daga nan Kwara, daga nan teku. Ledar da muke yarwa, wata ta maƙale a gona, wata ta kashe akuya, wata kuma ruwa ya tafi da ita tana marmashewa. Tun 2014 aka yi dokar hana leda a ƙasar nan, amma ku dubi magudanan unguwanninmu. Kifin ƙanƙara da muke saye a kasuwa kuwa, daga wannan tekun ake kamo shi.

Yanzu ke, ƙanwata, da duk mai irin burinki. Kada ki ɗauka karatun teku shi ne kallon kyawawan kifaye a bidiyo. Lissafi ne, da fizik, da kimiyyar sinadarai da ta halittu, kuma wanda ya guje su tun a lise zai sha wuya a gaba. Ki riƙe Faransanci da kyau, ki ƙara da Ingilishi, don yawancin binciken da shi ake rubutawa. Ba dole sai an fara daga Turai ba: kina iya yin digirin farko na kimiyya a nan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sannan ki nemi na biyu a Jami'ar Abomey-Calavi kusa da Kwatano, inda ake koyar da yadda ruwan teku ke motsi da ɗaukar zafi, ko a shirin nazarin sauyin yanayi na WASCAL a garin Mindelo da ke tsibiran Kef Bad (Cap-Vert). Guraben kaɗan ne, da maki ake samun su.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne gaggawar zama "'yar fafutuka". Na ga matasa suna ɗaga kwali a Facebook an rubuta "mu ceci teku", in ka tambaye su me ke damun tekun sai inda-inda. Kada ki zama haka. Sai an sani ake kira, kuma kiran da ladabi. Iyayenki ma, in sun nuna shakka, kada ki ɗaga musu murya. Ki zaunar da su ki yi musu bayani da misalin damina, shi suka sani fiye da ke.

Kafin ki ga teku, ga Tafkin Madarumfa nan kusa. Ki je tare da wani babba na gida, ki gaida masunta, ki tambaye su irin kifin da suke kamawa a da, da wanda suke samu yanzu, da girman idon komarsu. Ki sayi littafin rubutu guda don wannan kaɗai. Bana in gulbi ya kawo ruwan farko, ki rubuta ranar, da launin ruwan, da abin da kika ga yana tafe a kansa.