Kyamara ba ta san dalilin doka ba

Daga kakar 2026, mai jifa, mai cafke jifa ko mai bugu a gasar besbol ta MLB ta Amurka hularsa kawai zai taɓa, sai kyamarorin Hawk-Eye su sake duba hukuncin alƙali a kan jifa. Kowace ƙungiya ƙorafi biyu gare ta, in ta yi gaskiya ba a rage mata. Masu tafi suna cewa an yi maganin son rai. Ni haushi abin ya ba ni, don mun riga mun ga inda hanyar nan take ɓullewa.

A da akwai al'adar da ba a rubuta ba. In mai tsaron tasha ta biyu (ɗaya daga wuraren da mai gudu yake takawa a fili) yana neman fitar da 'yan ƙungiyar hamayya biyu a tashi ɗaya, alƙali ba ya cewa lallai sai ƙafarsa ta taka tashar. Ya zo kusa, shi ke nan. Alƙalan suna gani sarai. Ƙato ne ke tahowa a guje, ya zame da ƙafafu a gaba, shi kuwa mai tsaro tsalle yake don ya tsira da ƙashinsa. Duk wanda ya ga yadda Chase Utley ya karya ƙafar mai tsaro Rubén Tejada da irin wannan zamewa a 2015 ba ya buƙatar bayani. A 2016 aka ce a riƙa duba wannan a bidiyo, aka haɗa da sabuwar dokar zamewa, don ta yi aikin da hankalin alƙali yake yi tun fil azal.

Yau ɗan wasa zai riga ƙwallo isa tasha, hannunsa ya ɗaga daga kanta na ƙiftawar ido, a tsayar da wasa, a yi ta jan hoto, a ce ya fita. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan takaici a wajen VAR.

Tun 1983 Lee MacPhail ya gane bakin zaren. Alƙali ya soke bugun George Brett saboda ƙaron da ya shafa wa sandarsa ya wuce inci 18. MacPhail, shugaban American League (ɗaya daga rukunoni biyu na MLB) a lokacin, ya mayar masa da bugunsa, ya ce ba don haka aka kafa dokar ba.

Za a kawo mini kuskuren alƙali Jim Joyce na 2010, wanda ya ce mai gudu ya tsira alhali an riga an fitar da shi. To, wannan ko daga saman benci an gan shi. A bar wa bidiyo irin wannan kwaɓa, a kalle ta ba tare da rage gudu ba, sau ɗaya ko biyu. Sauran a sakar wa alƙali mara.